Idan Naka Ya Fito Daga Gidan Yari: Abin Da Za Ka Yi Tun Daga Bakin Ƙofa

Ƙanina ya yi shekara 6 da wata 4 a gidan yari, kuma ranar da aka sake shi ni na je ɗauko shi. Da muka iso gida na wuce gaba na shige ɗaki ina ta surutu, sai na ji shiru a bayana. Na dawo na tarar da shi tsaye a bakin ƙofa, hannaye a baya, ledar kayansa a ƙasa kusa da ƙafarsa. Ƙofar ta koma ta rufe ne da kanta bayan na wuce, babu kwaɗo, babu sakata. Shi kuwa yana jira a buɗe masa. Ya manta cewa mutum na iya miƙa hannu ya murɗa mariƙin ƙofa ba tare da an ce ya yi ba.

Da daddare ya zo ya tsaya a kaina, ya ce, "Yaya, zan iya zagayawa?" Mutum ɗan shekara 34, a gidan da aka haife shi, yana neman izinin shiga bayi.

Tun daga lokacin, abokai da 'yan'uwa da irin wannan ta same su sukan zo su ce, kai da ka taɓa gani, yaya ake yi? Abin da nake gaya musu shi zan rubuta a nan. Ni ba lauya ba ne, ba likita ba, kuma rabin abin da na sani daga kurakuraina na tsinto shi. Abin da na fi ganewa shi ne, kurkuku na ƙwace wa mutum sabon da ya yi na yanke wa kansa shawara. Ana faɗa masa lokacin tashi da na ci da na kwanciya, ana ƙirga shi safe da yamma kamar kaya a sito. Saboda haka duk taimakon da za ka yi masa, ka tambayi kanka: linzamin rayuwarsa nake mayar masa, ko kuwa linzamin ya bar hannun ganduroba ne ya dawo nawa?

Tun yana ciki

Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni, waɗanda aka sabunta a 2015 aka kuma sa musu sunan Nelson Mandela, wanda shi kansa ya shafe shekara 27 a ɗaure, sun ce tun daga farkon zaman hukunci ya kamata a soma duba makomar mutum bayan sakinsa, a kuma taimake shi ya riƙe alaƙa da mutanensa na waje. A takarda ke nan. A zahiri, sau da yawa idan dangi ba su yi ba, babu mai yi. Don haka ka riƙa kai ziyara ko da ranka na ɓace da shi. Idan hanya ta yi nisa, ka rubuta wasiƙa ko ka yi waya in ana bari. Wanda aka yi shekaru ba a leƙa ba, ranar da ya fito baƙo ne a gidansu, kuma ya san waɗanda suka zo da waɗanda ba su zo ba. Ƙanina yana da lissafin kowa a kansa har yau, ko da yake ba ya furtawa.

Idan wa'adi ya kusa cika, ka nemi jami'in da ke kula da walwalar fursunoni ka tabbatar da ranar fita, domin takan matsa gaba ko baya saboda rangwamen kyakkyawan hali ko afuwa. Ka tambaya ko akwai tara ko diyya da ta rage, ko kuma sakin na da sharuɗɗa, kamar zuwa sa hannu a wani ofishi ko hana shi kusantar wani mutum ko wani wuri. Ka rubuta su. Mutane da dama sun koma ciki ba tare da sun yi sabon laifi ba, sun dai tsallake ranar sa hannu ne kawai. Idan ya koyi sana'a ko ya yi karatu a ciki, ku karɓi takardar shaida kafin ya fito, don bin sawunta daga baya wahala ce. In kuma da sauran lokaci bai shiga ajin komai ba, ka matsa masa ya shiga. Wani nazari da cibiyar RAND ta Amurka ta fitar a 2013 ya gano cewa fursunonin da suka shiga shirin karatu, yiwuwar komawarsu kurkuku ta yi ƙasa da ta sauran da kashi 43 cikin 100.

Sai zaman iyali. Ku yanke inda zai kwana tun kafin ranar, kuma ku yi shi da gaskiya: wane ne a gidan har yanzu yake fushi da shi, wace ce take jin tsoronsa, wane ne ya ci bashi don biyan lauya bai gama biya ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Mu a nan muka yi babban kuskure. Kakarmu ta rasu yana da shekara biyu a ciki, muka ɓoye masa don kada hankalinsa ya tashi. Ranar da ya fito, bayan an gaisa, ya ce bari ya je ya gaida ta. Kowa ya sunkuyar da kai. Ya yi makokin da mu muka gama shekara huɗu da suka wuce, shi kaɗai, a makon da ya fi bukatar natsuwa. Duk labarin da ya shafe shi, rasuwa ce, aure ne ya mutu, an sayar da wani abu nasa ne, ku gaya masa tun yana ciki.

Ranar fita da mako biyun farko

Ka je da kanka, ka kuma je da wuri. Wanda ya fito bai ga kowa ba, ƙafarsa za ta kai shi inda ta saba, kuma sau da yawa inda ta saba shi ne inda matsalar ta faro. Ka tafi da tufafi masu tsabta da takalmi. Kayan da ya shiga da su da wuya su yi masa daidai, ƙanina da hannu ya riƙe wandonsa har muka kai mota. Kada ku tara masa jama'a. Na san zuciya na son a yi murna, amma wanda ya fito daga inda ido ke kansa dare da rana, ɗaki cike da masu kallonsa ba hutu ba ne a wurinsa. Mutum uku ko huɗu da ya fi shaƙuwa da su sun isa. Sauran su zo a hankali.

Kada kuma a tsare shi da tambayar yadda zaman ya kasance. Zai faɗa idan ya shirya, ko kuma ba zai taɓa faɗa ba. Za ka ga yana cin abinci da sauri, hannu ɗaya ya kewaye kwanon. Za ka ga ya fi son zama inda bayansa ke jingine da bango, yana farkawa da ƙaramin motsi, hayaniyar titi na firgita shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Kada a mayar da waɗannan abin dariya, musamman yara.

Akwai abu ɗaya da nake so duk mai karanta wannan ya riƙe ko da ya manta sauran. Idan mutumin yana ta'ammali da ƙwaya kafin a kama shi, mako biyun farko na iya kashe shi. Jikinsa ya daina sabo da yawan da yake sha a da, shi kuwa kansa bai manta adadin ba. In ya sha irin na da, numfashi na iya tsayawa. Wani bincike da aka wallafa a 2007 ya bi diddigin mutum sama da 30,000 da aka saka daga gidajen yarin jihar Washington a Amurka. A mako biyun farko, haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran jama'a kusan sau 13, na mutuwa ta hanyar shan ƙwaya fiye da kima kuwa ya ninka sau 129. Ka gaya masa wannan ƙarara, ba cikin wa'azi ba: "Jikinka ba na da ba ne. Abin da ka saba sha yanzu zai iya kai ka lahira." Idan ƙwayar dangin hiroyin ce ko magungunan kashe zafi masu ƙarfi irinsu, ka tambayi likita game da naloxone, maganin da ke farfaɗo da numfashi a irin wannan hali, ka ajiye shi a gida in ana samu.

Ko ba ya shan komai, ku je asibiti a makon farko. Tarin fuka ya fi yaɗuwa a kurkuku saboda cunkoso da rashin iska, kuma mutum na iya kawo shi gida bai sani ba. A duba ƙirji, a duba fata, a yi gwajin ciwon hanta da na ƙanjamau in ya amince. Idan yana kan wani magani a ciki, na tarin fuka, na hawan jini ko na taɓin hankali, ka tabbata bai yanke ba, domin yankewar ta fi yawa a daidai wannan gaɓar. Idan ya daina barci, ya daina magana, ko ya fara cewa gara ma da ya mutu, kada ka ce zai wuce. Ka kai shi wurin likita, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Bayan lafiya sai takardu: katin shaida, layin waya da sunansa, asusun banki, lasisin tuƙi in ya ƙare. Ƙa'idojin Mandela sun lissafa takardun shaida cikin abubuwan da ya kamata a tabbatar wanda aka saka ya samu, tare da wurin kwana da aiki da kuɗin isa gida. Ka raka shi ofisoshin, amma ka tsaya gefe ya yi magana da bakinsa. Wayar zamani ma sai an koya masa. Ƙanina ya fito ya tarar komai ya koma cikin waya, ya yi kwanaki yana jin kunyar tambaya. Ɗiyata 'yar shekara 12 ce ta zaunar da shi ta koya masa, kuma ina ganin ya fi sakin jiki da ita fiye da ni, don ita ba ta auna shi.

Kada ka zama sabon ganduroba

Ni na zama. Tsoro ne ya sa. Na tsara masa lokacin fita da na dawowa, ina duba wayarsa, in ya yi minti goma a waje sai na kira. Kuɗin mota ma sai ya zo ya roƙa, in ƙirga in ba shi daidai. Ina ganin kare shi nake yi. Wata rana na tsare shi da tambayar inda ya tsaya, ya dube ni ya ce, "Yaya, can ma ganduroba yana da ranar hutu." Ban sami amsa ba.

Tsoron yana da dalili. Hukumar ƙididdigar shari'a ta Amurka ta bi mutanen da aka saka a jihohi 30 a 2005, ta tarar kashi 44 cikin 100 an sake kama su a shekarar farko, kashi 68 cikin shekara uku. Alƙaluman wata ƙasa ba na wata ba ne, amma darasin ɗaya ne: shekarar farko ita ce mai santsi. Sai dai tsaro irin nawa ba ya hana zamewa. Yana koya wa mutum ƙarya ne kawai, kuma yana tabbatar masa da abin da yake zargi, cewa a idonku har yanzu fursuna ne.

Abin da ya yi mana aiki shi ne zama mu biyu mu yi yarjejeniya, shi ma da bakinsa a ciki. Abubuwa kaɗan ne ba na sassauci a kansu: ba ƙwaya a gidan, ba a kawo mutanen da suka yi laifin tare, ba a tsallake sharaɗin saki. Sauran na bar masa. Na koma ba shi kuɗin mako a dunƙule ya sarrafa da kansa. Makon farko ya ƙare su a kwana uku, ya yi sauran kwanakin a ƙafa, ban ƙara masa ba, ban kuma yi faɗa ba. Mako na uku sai ga shi da ragowa.

Amana ma haka ake mayar da ita, kaɗan-kaɗan. Ka aike shi ya biya wani abu, ka ba shi ɗaukar yara daga makaranta, ka bar masa kula da magungunan tsohuwa. Kuma idan wani abu ya ɓace a gida, ka kame bakin kowa kafin a waiwaya gare shi. Ranar da zoben matata ya ɓata, babu wanda ya ce komai, amma ɗakin ya yi shiru irin wanda ya fi magana ciwo. Ya tashi ya zazzage aljihunsa a gabanmu ba wanda ya nema. Zoben na cikin aljihun jakarta. Na sa ta ba shi haƙuri, ni ma na ba shi, amma an ɗauki watanni kafin ya sake zama a falo idan jakar wani na wurin.

Batun aiki

Zaman kashe wando shi ne abokin gabarsa na farko. Wanda ya saba da rana mai tsari, in ya wayi gari babu abin yi, tunani da tsofaffin abokai ne za su cika masa ita. Ko aikin ba na kuɗi ba ne da farko, ya kasance yana da inda zai je da safe.

Samun aikin albashi da wuya, kada ka yaudare shi. A wani gwaji da aka yi a birnin Milwaukee na Amurka, wanda aka wallafa a 2003, an tura matasa masu takardu iri ɗaya neman aiki, wasu suna cewa sun taɓa zaman kurkuku. A cikin farar fata, waɗanda masu ɗaukar aiki suka kira sun ragu daga kashi 34 cikin 100 zuwa 17 idan sun ce sun taɓa zaman kurkuku. A cikin baƙar fata, daga 14 zuwa 5. Shi ya sa shirin Yellow Ribbon na tallafa wa tsofaffin fursunoni, da ƙasar Singafo ta fara a 2004, yake kiran tsangwamar jama'a kurkuku na biyu. Amma akwai masu ɗauka. Kamfanin Timpson na Birtaniya, mai gyaran takalma da yanka mabuɗai, kusan kashi 10 cikin 100 na ma'aikatansa tsofaffin fursunoni ne. Ka lura, mabuɗan gidajen mutane ake ba su su yanka.

A ganina hanya mafi sauri ita ce mutum ya tsaya wa mutum. Ka je wurin mai sana'ar da ya san ka, ka gaya masa gaskiya, ka ce a gwada shi wata ɗaya, kai ne jingina. Kada ku ɓoye tarihin, domin ranar da ya fito ta bakin wani, aikin da amanar duk sun tafi. Ku yi atisayen amsar a gida, jimla uku kacal: abin da na yi, na yi zaman hukuncinsa, ga abin da na iya yanzu. Ba doguwar kare kai, ba ɗora wa wani.

Idan jari za ku haɗa masa, ku sayi kayan aiki maimakon miƙa kuɗi a dunƙule, kuma ku je sayen tare, shi ya zaɓa. Kuɗi mai yawa a hannun wanda ya yi shekaru bai riƙe ko kaɗan ba nauyi ne, ga masu bin sa tsohon bashi, ga masu cewa a zo a yi murna.

Sauran mutane

Tsofaffin abokai za su zo, kuma su ne kaɗai ba sa kallonsa da wani ido, shi ya sa suke da daɗin zama. Cewa kawai ya rabu da su ba ya isa idan babu waɗanda za su maye gurbinsu. Ka nema masa mutum ɗaya wanda ba ɗan gida ba, dattijo mai haƙuri ko wani da ya taɓa zaman ya kuma tsaya da ƙafarsa. Akwai maganar da ba zai iya gaya wa yayansa ba. A Japan wannan tsari ne na hukuma: 'yan sa-kai sama da 40,000 da ake kira hogoshi suna ganawa da waɗanda aka saka bisa sharaɗi kamar sau biyu a wata, sau da yawa a gidajensu na kansu, su saurare su, su taya su neman aiki.

Idan yana da mata da 'ya'ya, ya sani gidan ya koyi tafiya ba shi. Matar ta riƙe komai shekaru, ba za ta sauke a rana ɗaya ba, kuma bai kamata a ce ta sauke ba. Yaron da ya bari a goye yanzu yana ɓuya a bayan uwarsa. Ka ba shi shawara ya shiga da hidima kafin ya shiga da umarni. Idan kuwa laifin nasa a kan iyalin ne, duka ko cin zarafi, to tsaronsu ne gaba da komai, kuma kada a tilasta wa kowa zama da shi ko yafe masa.

Haka wanda aka zalunta a waje. Neman gafara abu ne mai kyau, amma ba a yin sa da ƙarfi ko ba zata. A aika mai mutunci ya tambaya ko suna son ganinsa. In sun ce a'a, an gama, kuma in kotu ta hana kusantarsu, ko aiken ma kada a yi.

Idan mace ce ta fito, duk abin da na faɗa ka ninka shi. Mata ba su kai kashi 10 cikin 100 na fursunonin duniya ba, don haka shirye-shiryen taimako da yawa ba da su aka tsara ba, abin da ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar musu da ƙa'idoji na daban, Ƙa'idojin Bangkok, a 2010. Dangi sun fi saurin juya wa mace baya, kuma tambayarta ta farko kusan kullum ita ce ina 'ya'yanta. Wurin kwana mai aminci da hanyar ganin yaran su ne farkon abin nema.

Zai yi tuntuɓe. Ƙanina ya bar aikin farko bayan mako biyar saboda mai gidan ya daka masa tsawa a gaban mutane, ya kwana biyu bai dawo gida ba. Na neme shi, na same shi, ban ce masa komai a hanya ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Amma kuma ban ɓoye masa iyakata ba: in ya ɗauki abin wani, ba zan yi wa hukuma ƙarya dominsa ba. Kai ma mai taimako kana gajiya, don haka ku raba nauyin, wani asibiti, wani neman aiki, wani hira kawai. Ni na ɗauka duka a kaina shekarar farko, har na fara jin haushinsa a kan abin da bai roƙe ni ba.

Abu na ƙarshe ƙarami ne, kuma na yi jinkirinsa fiye da kima: ka yanka masa mabuɗin gida. Ni sai da ya yi wata bakwai na ba shi nasa, kafin nan kullum sai ya ƙwanƙwasa ya jira. Da na miƙa masa ya juya shi a tafin hannu ya ce, "Nawa ne, ko na ajiye maka?" Na ce nasa ne. Ya nemi igiya ya rataya shi a wuya, a cikin riga. Daren nan ya dawo wajen ƙarfe tara, ina kwance na ji mabuɗin na ta kokawa da kwaɗon, don ya saka shi a juye. Na bar shi har ya buɗe.